Sunanki a Cikin Hulata

Litinin, da hantsi.

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki. Ni dai da sauƙi. Ƙafar dama ta ɗan kumbura, tarin yana nan, amma na karya.

Wurin da kika yanki 'yar fata a damtsena ya warke, sai tabo kamar ƙwayar wake. Har yau ina juya bayaninki: wai a ɗakin bincikenku kun mayar da fatar ta koma jaririya, kuna lallaɓa ta ta zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikin faranti, don ku gano inda mantuwata ta samo asali. Mu malaminmu na kimiyya cewa ya yi ƙwayar ƙwaƙwalwa in ta mutu, ta tafi ke nan. Da yana raye da ya ɗauko miki bulala.

Na ba Tela maƙwabcina labari, ya yi dariya har allura ta soke shi. Wai in roƙe ki ki haɗa masa sabuwar ƙwaƙwalwa, tasa ta sha faci.

Kin ce kullum sai an canja wa ƙwayoyin ruwan abinci, ba Asabar ba Lahadi, shi ya sa wata uku ban gan ki ba. Ba ƙorafi nake ba. Alhamis kika ce za ki zo, na rubuta a jikin kalanda.

Naki,
Baba.

Laraba, bayan azahar.

Auta,

Ina gaisuwa. Ya gajiyar aiki? Jiki da dama, hankalina ne ba a kwance ba.

Akwai abin da na ɓoye miki. Kowace safiya nakan jera sunayenku ku biyar, daga babban yayanku zuwa ke, in gwada kaina. Yau na kawo huɗu, na tsaya. Auta kawai ke zuwa bakina. Sunanki na yanka, wanda ni na zaɓa, na yi ta gardama da marigayiya mahaifiyarki a kansa, ya ɓace mini ƙaf. Na zauna a bakin gado har shayina ya huce. Kunya ta hana ni tambayar Tela. Sai da na buɗe akwati na ɗauko takardar haihuwarki.

Na kwafe shi a 'yar takarda, na soke a cikin hulata. Yau suna ne, gobe ban san me zai bi shi ba. Ina so in kira ki da shi, kina tsaye a gabana, ba tare da na cire hula ba. Don Allah kada goben ta wuce.

Mahaifinki.

Alhamis, da la'asar.

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau ban yi tari sosai ba. Na yi aski, na share ɗaki, na fito da kujerar mahaifiyarki bakin ƙofa.

Tela ya karanta mini saƙon da kika turo a wayarsa. Kin ce da safen nan ƙwayoyin sun miƙa wa juna 'yan zarurruka, na'ura ta nuna sun fara aika wa juna saƙo, karo na farko, kuma in kika bar su yau aikin wata uku zai iya lalacewa. Tela ya ce, "Malam, ka zama mutum biyu, kuma na farantin ya fi ka gata."

Na yi dariya don kada ya gane. Na yi miki murna, wallahi. Ki kula da su, ba su san kowa ba sai ke.

Tun safe nake riƙe da sunan a bakina, ban leƙa hula ba ko sau ɗaya. Ɗazu na leƙa.

Rana ta bar bakin ƙofa, zan shigar da kujerar. Ba ki zo ba.

Naki har kullum,
Baba.