Iyakar da Ban Taka Ba

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gajiyar aiki? Ni dai jiki alhamdu lillahi. Hannun hagun nan da ya shanye ya fara riƙe kofi, sai dai rabin shayin a rigata yake ƙarewa.

Wasan nan na mulkin ƙasashe da kika sa mini a kwamfuta don in riƙa motsa yatsu, to, ki sani kin jawo mini rigima. Kin ce mu huɗu ne a taswira, kowa ya yi motsinsa sau ɗaya a rana. Ba ki gaya mini Jar Ƙasar da ta zagaye ni ta gabas da kudu ta yayanki ce ba. Ni ga 'yar ƙasata koriya, garuruwa uku, kogi ɗaya, duwatsu a arewa. Bayan duwatsun akwai Shuɗiyar Ƙasa, ta wani baƙo da ban sani ba, wanda ya riga ya haɗiye na huɗunmu, ko tari bai yi ba.

Shekaranjiya yayanki ya aiko mini da yarjejeniya a cikin wasan. Ya ja sabon layin iyaka, wai in buɗe masa ƙofofi, sojojinsa su zauna a garuruwana, shi kuma ya kare ni daga Shuɗi. Ranar kuma da yamma sai ga shi a ɗakina da takarda ta gaske, ta sanar da mai gidan haya cewa zan tashi. Wai ya gyara mini ɗakin da ke kusa da falonsa. Wai matakala talatin da biyu ta fi ƙarfin mai ƙafa ɗaya da rabi. Har da danƙa mini biro a hannun dama, kamar ɗan firamare!

Auta, shekara talatin da huɗu na yi ina aikin safiyo, ina awon filaye, ban taɓa sa hannu a iyakar da ban taka da ƙafata ba. Tun ina sabon shiga wani shugabana ya zana layi yana zaune a ofis, da muka je filin muka tarar layin ya raba rijiyar wata tsohuwa gida biyu. Daga ranar na rantse. Saboda haka na tura ɗan leƙen asirina guda ya bi layin yayanki taku-taku, kwana goma sha ɗaya zai ɗauka. Ni ma zan taka tawa iyakar, daga ƙofata zuwa kemis ɗin kwanar titi, in dawo. Na ce masa takardu biyun rana ɗaya za su sami amsa. Ya ce wannan taurin kai ne. Na ce madalla, yanzu ya san inda ya gado nasa.

A ɗakin nan mamanku ta cika, kujerarta na nan gefen taga. Ba zan bar shi don an tsorata ni ba.

Ki shafa mini kan yara.

Babanki.

*

Autata,

Sallama da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma gane wanda ya hure miki kunne. Kin ce in daina wahalar da kaina. To, ban ji ba.

Yau kwana takwas. Ranar farko matakala shida na sauka, na zauna ina haki kamar wanda ya yi dambe. Jiya na kai ƙasa, na taɓa ƙofar waje da sandata, na hau. Minti arba'in, na duba agogo. Matar da ke gasa mini hannu a asibiti ta ce in ci gaba, amma in riƙe ƙarfen gefe.

Ga abin da ya sa nake rubuto miki raina a ɓace. Ɗan leƙen asirina ya isa mashigin da ke tsakanin duwatsun arewa, wurin da duhu ya rufe a taswirata. Da duhun ya yaye, me zan gani? Sojojin yayanki ne jibge a bakin mashigin, rabinsu sun mutu, Shuɗi na ta dukansu. Ashe tun makonni shi ke tare mini hanya, bai ce uffan ba. Ni kuwa ina nan ina hura hanci, wai Shuɗi tsorona yake ji!

Ban gama haɗiye wannan ba, na leƙa ta tagar matakala. Sai ga farar motar yayanki a gindin fitilar titi, shi a ciki. Na tambayi telan da ke ƙasan benenmu, ya sunkuyar da kai ya ce kullum ƙarfe huɗu yake zuwa, ba ya tafiya sai ya ga na buɗe labulen ɗakina. Mutum da shagonsa, ya bar wa ma'aikata, ya zo yana gadina kamar akuyar da ake tsoron ta tsinke igiya.

Na ji haushi, wallahi. Na kuma ji wani abu da ba haushi ba, wanda ya hana ni cin abinci. Amma kada ki yi saurin murna. Wanda ya tsare maka ƙofa ba shi ne mai ɗakin ba, kuma layin da ya ja ya sa mashigin nan a cikin ƙasarsa. Wannan kam ba zan sa masa hannu ba.

Kada ki gaya masa na gan shi.

Babanki.

*

Auta 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan. Kafin wani ya ƙara wa labarin gishiri, bari ki ji daga bakina: na faɗi.

Ranar ta goma sha ɗaya na kai kemis. Na sayi man zafi don a shaida na zo, na juyo. A matakala ta goma sha tara ƙafar hagu ta ƙi ɗagawa, sai ji na yi gwiwata ta daki siminti, sanda ta gangara ƙasa. Ban ƙirga biyar ba yayanki ya iso, takalminsa ɗaya ya zame a hanya. Ya miƙo hannu, na daka masa tsawa na ce in ya taɓa ni, gobe ma zan sake daga farko. Na ce sandar kawai zai miƙo mini.

Auta, yaron nan ya miƙo sandar. Ya koma matakala biyu ƙasa da ni, ya harɗe hannuwa a baya, gumi na zuba masa har cikin kwala. Kusan minti goma ina kokawa da ƙarfen gefe, ina jin numfashinsa a bayana. Bai taɓa ni ba. Na san abin da tsayuwar nan ta ci masa, don ni ma na taɓa yin irinta ranar da na saki bayan kekensa. Na miƙe, na hau sauran sha ukun.

Da muka shiga na kunna kwamfuta a gabansa, na ƙi yarjejeniyarsa, na aika masa da tawa. Iyaka tana nan inda take. Mashigin duwatsu nawa ne, amma na ba sojojinsa izinin tsayawa a can tare da nawa, ban da shiga gari. Takardar mai gida kuwa na ninke ta huɗu na sa a ƙarƙashin ƙafar teburin nan mai rawa, ta yi daidai. Sannan na ciro makullin mamanku daga aljihun tebur na ajiye a gabansa, da sharaɗi ɗaya: kada ya buɗe ƙofata da shi sai in ya ƙwanƙwasa bai ji motsina ba. Ya daɗe yana kallon makullin, don zaren da ta ɗaura masa yana nan. Ya ɗauka, ya amince da duka biyun.

Shuɗi ya ƙone mini gari ɗaya jiya, saura biyu. Ya zo, muna nan.

Ɗazu ƙarfe huɗu na ji an ƙwanƙwasa. Na san makullin na aljihunsa, har ƙararsa nake ji yana juya shi. Daga kujerata zuwa ƙofa taku tara ne, na kuwa yi su a hankali yadda nake so. Ya jira, Auta. Ni na buɗe masa.

Allah ya yi muku albarka, ku duka.

Naki, mai taurin kai,
Babanki.