Kaset ɗin Baba da Wayoyi Uku

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Inna na nan yadda kika bar ta, tana ci tana barci, amma mantuwar sai abin da ya ƙaru. Jiya sau uku tana tambayata ko ni ce sabuwar mai aiki.

Likita ya ce a riƙa nuna mata abubuwan da ta sani a da, sai na tuna kaset-kaset ɗin da marigayi Baba ya ɗauke mu muna yara. Na sauko da na'urar bidiyon daga saman sif, na kakkaɓe ta, ta kama. Sai dai tsohuwar talabijin ta mutu tuni, kwamfutata kuwa ba ta da ramin da za a soka wayoyin nan uku, ja da fara da rawaya. Mako biyu ina zarya wajen mai gyaran rediyo kafin ya samo mini wani ɗan akwati da ke haɗa su. Na haɗa, sai murya, babu hoto.

Ranar Asabar sai ga Auta, wanda rabonsa da gidan nan wata huɗu. Ko zama bai yi ba ya ce na soka rawayar a ramin da ba nata ba. Yana sauyawa hoto ya fito. Inna ta kama hannunsa tana sa masa albarka, har da kiran sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Na shige kicin na yi ta wanke tukunyar da ba ta da datti.

Ki sa ni a addu'a, raina bai yi daɗi ba.

Ƙanwarki,
Gajeriya

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ya yaran? Wasiƙarki ta iso, na kuma ji faɗan da kika yi mini a kan Auta. Gaskiyarki ce, har na kira shi mun sha dariya. Amma abin da ke cina yanzu ya fi wancan, kuma kunyar faɗarsa nake ji.

Akwai kaset guda da Inna ba ta gajiya da shi. Ni ce a ciki ina 'yar shekara bakwai, tana taje mini kai a bakin ƙofa, ina kuka tana rarrashi. Kullum da hantsi sai na kunna mata. Da ta ga yarinyar sai fuskarta ta washe, ta kira ta da sunana, ta shafa gilashin kwamfutar. Shekaranjiya ta juyo ta ce mini, "Baiwar Allah, kin ga 'yata? Duk ta fi su tausayi. Ki ce ta zo ta gan ni mana."

Na ce mata ai ga ni. Ta yi mini irin murmushin da ake yi wa baƙo, ta koma kallonta.

Yaya, kishi nake da yarinyar nan. Ba ta taɓa wanke wa Inna zani ba, ba ta taɓa ba ta magani ba, amma ita ake nema. Jiya na zare ɗan akwatin na ɓoye a jakata, na ce na'ura ta lalace. Inna ta juya wa bango fuska, ta ƙi cin abinci. Kafin la'asar na fito da akwatin, na mayar da wayoyin.

Da hoton ya dawo sai ta riƙe hannuna, ta ce Allah ya ba ni 'ya irin tata. Na ce amin.

Ki gaida kowa da kowa. Don Allah kada ki gaya wa Auta.

Taki har kullum,
Gajeriya