Hannu na Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena, autan Mama. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yan biyunmu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yaran nan. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan, babbar 'yata kuma ta fara zama da ni a shagon ɗinki, inda ta riga ta karya min allura huɗu. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na zaɓe ta ne don a waya, da zarar magana ta zo inda ba ka so, sai ka ce ana kiranka a wurin aiki. Takarda ba a katse ta.

Maganar hannun Mama ce. Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar nan ya taɓa ta. Ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo har da ƙari, amma yatsun hannun dama sun ƙi. Likitar gashin ƙashi ta gaya min ƙiri-ƙiri cewa idan ba a motsa su kullum ba a 'yan watannin nan, za su ƙage, kuma haka za su zauna har abada. Ta ba ta wata ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Ka san uwarka. Ta ce ita ba jaririya ba ce da za a ba ta abin wasa. Yau na tsinci ƙwallon a ƙarƙashin filo, gobe a cikin tukunya. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ranar da na shiga banɗaki na yi kuka na ƙoshi, don ina ganin hannun da ya yi mana komai yana lanƙwashewa a kan cinyarta.

Wajen neman ƙwallon nan ne na buɗe ƙasan kabad ɗin falo, sai ga kwalin na'urar gem ɗinmu. Tana nan da kaset ɗin ɗan ɓeran nan mai ɗauke da fitila yana hawa bene, da hannun gem guda ɗaya, abin da ake riƙewa ana dannawa. Na zauna a ƙasa ina shafa ta kamar na ga wani ɗan'uwa. Na tuna yadda muke hura kaset har kanmu ya yi jiri, da yadda kake kwanciya a bayan talabijin kana jujjuya waya ni kuma ina ihu in ta kawo. Na tuna yadda Mama take kulle ta a kabad daga Litinin zuwa Juma'a, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, tana cewa wannan ƙarar tin-tin-tin ita za ta cinye mana ƙwaƙwalwa. Kuma na tuna AAA, sunan nan da ya zauna a saman jerin gwanaye da makin da ba mu taɓa kusanta ba. Kai ka rantse ni ce nake satar makulli, ni na rantse kai ne kake raina min hankali. Har tabon haƙorinka yana nan a damtsena.

Don marmari kawai na kai ta wurin mai gyaran rediyon nan na ƙarshen layi, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat. Ya goge ta da buroshi, ya ɗiga dalma wuri biyu, ya haɗa ta da wata tsohuwar talabijin, sai ga ɓeranmu ya fito da fitilarsa. Jerin gwanayen ma bai goge ba, AAA na nan a sama, naka sunan na bin sa daga nesa. Don ya gwada sauti, sai ya danna wasu maɓallai ya shiga wani wuri da ake jin kiɗe-kiɗen wasan ɗaya bayan ɗaya. Na ji na hawa na farko, na ji na wurin ruwa inda kake mutuwa kullum, ina ta dariya. Da ya zo na goma sha huɗu, sai na ce ya tsaya ya sake kunna shi.

Auta, waƙar wanke-wanken Mama ce. Wannan da take yi da hanci ba kalmomi, mai hawa sau uku ta sauko a hankali. Wadda ta yi wa 'ya'yana reno da ita, wadda kai ma ka ce kana yi wa 'yan biyu in sun ƙi barci, muna zaton tsohuwar waƙa ce ta kakanninmu. Na tambayi mai gyara wannan kiɗan na ina ne. Ya ce na hawa na takwas ne, na ƙarshe, kuma ba mai jin sa a cikin wasa sai wanda ya kai can da hannunsa. Ni da kai kuwa ba mu taɓa wuce na biyar ba.

Na dawo gida na haɗa na'urar a falo, na kunna kiɗan. Mama tana kan kujerarta ta kusa da taga. Ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga babban yatsanta na dama, wanda ya yi wata huɗu bai ko motsa ba, yana ɗan taɓa cinyarta daidai da kiɗan. Da na tsare ta da ido, sai ta ce to mene ne, ai makullin a wurinta yake. Ta ce ranar farko ta kunna ne don ta ga abin da yake haukata mata yara, sai ɓeran ya faɗa rami, ita kuma ta ji haushi. Daga nan kullum muka tafi makaranta, in ta gama aikin gida sai ta zauna awa guda. Ta ce Baba, Allah ya jiƙansa, ya sani, har yakan dawo cin abincin rana ya tsaya a bayanta yana ba ta shawarar banza. AAA kuwa, ba ta san yadda ake canza harafi ba ne, sai ta danna sau uku ta wuce. Na ce mata shekara ashirin da biyar muna zargin juna. Ta ce ai faɗan namu ma yana ba ta dariya.

A ranar ta karɓi hannun gem da kanta. Na ɗinka mata ɗan matashi mai maɗauri da yake riƙe shi a cinya, don kada ya zame. Likitar gashi da ta gani ta ce wannan ya fi ƙwallo sau goma, a bar ta ta yi safe da yamma. To ga inda matsalar take. Hannun da ya rage mana shi ne wanda ka lalata wa maɓallin tsalle, sai an danna da ƙarfin gaske yake amsawa, ita kuma ba ta da wannan ƙarfin tukuna. Mai gyara ya buɗe shi sau biyu, ya ce robar ciki ta mutu. Na zaga kasuwa shago-shago, na yanzu duk bakin wayarsu ba ya shiga ramin na'urarmu. Shekaranjiya ɓeran ya faɗa rami ɗaya sau tara, ta ture matashin ta juya fuska bango. Tsoro nake ji kada ta yi zuciya ta bar shi kamar yadda ta bar ƙwallo.

Hannu na biyu, mai laushin, yana wurinka. Kada ka ce min ya ɓata. Kai ne ka sa shi a jakarka ranar da za ka tafi karatu, ka ce in ba za a faɗi waye AAA ba, kowa ya huta. Mai ɗakinka ta tabbatar min yana cikin akwatin takardunka, naɗe da tsohuwar riga. To yanzu an faɗa maka. Ka aiko da shi cikin makon da takardar nan ta iso, ta hanya mafi sauri. In kuma kana da sauran kunya, ka kawo shi da kanka, don shekara shida ke nan rabon da ta gan ka ba ta cikin gilashin waya ba. Ni dai na ɗaura niyya hannun Mama ba zai ƙage ina kallo ba. In takarda ba ta isa ba zan kira ka safe da rana, in ka ƙi ɗauka in kira mai ɗakinka, kuma ka san tana bayana.

Ka gaishe min da ita da kyau, ka shafa min kan 'yan biyu. Maigidana yana gaishe ka, yara suna gaida kawunsu, Gwaggo ma ta ce a ce maka tana nan tana yi maka addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka.

Na karanta wa Mama takardar kafin in rufe. Ta ce in ƙara maka da cewa in za ka zo, ka fara koyon wuce wurin ruwa, don ba ta son wasa da wanda bai iya ba. Sannan ta ce in miƙo mata biro. Na kai hannu zan sa mata a na hagu, ta harare ni. Ta yi kusan minti goma tana fama, gumi na tsattsafo mata a goshi, ta hana ni taimaka mata. Abin da za ka gani a ƙasan nan a karkace shi ne rubutu na farko da hannunta na dama ya yi tun da ta kwanta.

AAA