Ni na kashe kifin Baba, kuma coci ta ɗora ni a kan tsabtace ruwa

Barkanku da aiki, masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yanke mini hukunci kafin a ji ƙarshe.

Ni Kirista ne, ina noman albasa a ƙasan dam ɗin Goronyo. Iyalina suna can gida, ni kaɗai nake a ɗaki. Cocinmu ba mu cika benci huɗu ba. A duk fadamar nan mutum ɗaya ne ya ɗauke ni nasa, wani tsoho masunci da nake kira Baba. Duk Juma'a sai ya rataya mini tarwaɗa biyu a ƙofa, ko ina nan ko ba na nan.

Bara da rani na gama feshin maganin ƙwari, rana ta dafa ni, sai na ji ƙyuyar zuwa nesa. Na wanke tankin feshin a kududdufin da Baba ke kiwon kifi, har ragowar maganin na juye. Na ce ɗan wannan me zai yi wa ruwa? Washegari na tarar da shi tsaye a bakin ruwan, kifi duk sun juya ciki sama. Ya ce, "Ɗana, ban san mi ya faɗa ma ruwan ga ba. Haka Allah ya so." Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Sannu Baba, Allah ya mayar da alheri." Har taya shi kwasar mushen na yi. Wane irin mutum ne ni?

Yanzu da azumin nan namu na Kirista Fada, limamin cocinmu, ya ce kowa ya binciki zuciyarsa kan yadda ya riƙe ƙasa da ruwan da Allah ya ba mu amana. Aka shirya mu fita tsince robobin magani a bakin ruwa, mu roƙi manoma su daina wanke tanki a ciki. Fada ya nuna ni ya ce, "Kai za ka jagoranta, kai mutanen fadama suka yarda da kai." Aka tafa mini, na rasa inda zan sa fuskata.

Na je ikirari, wato furta zunubi, Fada ya ce gafarar Allah tana nan, amma sai na je na gaya wa mai kifin. Idan na faɗa, wa zai ƙara gaishe ni a fadamar nan? Kuma ba za a ce wane ne ya yi ba, cewa za a yi ɗan coci ne.

Ranar Asabar za mu fara, daga kududdufin Baba. Yau Juma'a, na dawo na iske tarwaɗa biyu a ƙofa. Ya daina kiwo, sayo su ya yi. Suna nan a rataye, na kasa taɓawa.

Jama'a, me zan yi?