Ni Na Raɗa Wa Kaset Ɗin Suna

Litinin, 5 ga Mayu

Wai na zama abin kallo a waya. Direban tanka ne ya fara nuna min. Ya shigo shago da safe sayen hannun gem, sai sunkuyar da kai yake yi kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. "Anti Mega, kin gani kuwa?" Ban gani ba. Ya miƙo. Wani mai gemu da tabarau ne zaune a gaban kanta cike da tsofaffin kaset na gem, yana riƙe da kaset ɗin Mashin Fansa, da takardar da na liƙa masa da hannuna shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Rubutuna ne, har da jan layin da nake ja a ƙasa. Yana ta dariya, wai babu mashi babu fansa a sunan da Japanawa suka sa wa gem ɗin. Sunan gaskiya wai Mai Gyaran Laima Ya Koma Gida. Abin da jarumin ke riƙe da shi, wai laima ce a naɗe.

Mutum dubu arba'in sun kalla. Na ce wa Direba ya ɗauke wayarsa kafin in yi jifa da ita.

Talata, 6 ga Mayu

Na duba hoton da gilashin gyara. Mashi ne. Mashi mai lanƙwasasshen gindi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Mai Bidiyo ya saki na biyu. Yau kan Mega ya faɗo. Wai megar da ake rubutawa a jikin kaset ƙarama ce, sai an tara takwas ake samun guda irin ta waya. Wato kaset mai Mega 8, hoto ɗaya da mutum zai ɗauka da waya ya fi shi cin wuri. Sannan ya matso da takardata gaban kyamara: MEGA 32! Ya juya kaset ɗin, ashe Japanawa 8 suka rubuta. "Wannan matar ta yaudari yaran gari guda," in ji shi.

To, tunda littafina ne, bari in rubuta yadda aka yi. Shekarata goma sha shida. Yaya, Allah ya jiƙansa, ya buɗe shagon nan da tebur ɗaya da talabijin biyu. Kwali ya iso, kaset sittin, babu kalma ɗaya da muke iya karantawa. Yaro zai shigo ya ce a sa masa wancan. Wancan wane? Yaya ya ce, ke ce mai kyan rubutu, ki dubi hoto ki raɗa musu suna. A kan bencin nan na zauna na raɗa sittin cikin kwana biyu. Mashin Fansa, Kunamar Ƙarfe, Gudu Ba Birki, duk ni ce.

Mega kuwa, mai shagon tsallaken titi ne ya fara. Kaset iri ɗaya muke da shi, ya rubuta 16 a nasa, yara suka kwashe suka koma can. Yaya ya ce rubuta 32. Wancan ya sa 64. Kafin shekara ta zagayo sababbin takardunmu sun kai 256, har lambar ta fi sunan girma. Babu wanda ya san mece ce mega, har ni da aka laƙaba wa sunan. Mun dai san mai yawa ta fi.

Ƙarya ce? To. Amma an taɓa ganin yaron da ya fita daga shagon nan yana kukan megarsa ba ta cika ba?

Asabar, 10 ga Mayu

Shago ya cika, rabinsu kallona suka zo yi. Wata ta nemi mu yi hoto, na ce ni ba gunki ba ce.

Talata, 13 ga Mayu

Injiniya ta zo. 'Yar Yaya guda ɗaya tilo, wadda na goya a bayana a cikin shagon nan. Tunda asibitinsu ya tura ta Japan koyon gyaran injina ta dawo da harshensu a baki. Ta zauna tana ta juya makullin mota a yatsa, na san akwai magana.

"Gwaggo, ni ce na karanta masa."

Wai a zauren masu koyon Japananci na waya Mai Bidiyo ya tura hoto, rubutun Japanawan kaɗai, babu takardata a jiki. Ta fassara ta manta. "Wallahi ban san naki ba ne."

Na ce ba nawa ba ne, na ubanki ne. Na san inda zan soka, kuma na soka. Ta tashi ta tafi, ko shayin ba ta taɓa ba.

Ban yi nadama ba. Shekara biyu da dawowarta, ko sau ɗaya ba ta ɗauki kaset a shagon nan ta ce Gwaggo ga abin da aka rubuta ba. Sai baƙo ya tambaya bakinta ya buɗe.

Laraba, 14 ga Mayu

Ni ma dai ban taɓa tambayarta ba. Amma ba wannan ake magana ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Likitan haƙori ya zo da kansa. Shi ne shugaban ƙungiyar masu tsofaffin gem, za su yi baje koli a ɗakin taron laburare Asabar mai zuwa. Suna son kaset ɗina sittin na farko su kasance a teburin tsakiya. Sai dai fa, wai Mai Bidiyo ya buga sababbin takardu da sunayen gaskiya da megar gaskiya, za a rufe nawa da su. "Don tarihi ne, Anti."

Na ce tarihin wa? Kaset ɗina za su je da takardunsu, ko su kwana a kwali. Ya tsaya yana shafa sanƙo. Na tuna masa ranar da ya kifa kai a kan bencin nan yana kuka da majina, da kayan makaranta a jikinsa, saboda Mayya ta gama da shi sau bakwai a jere. Ya ce, "Haba Anti, yanzu 'ya'yana huɗu."

Mayyar nan. Tsohuwar da ke tsaye a bakin ƙofa a matakin ƙarshe na Mashin Fansa, tana jefo wasu fararen abubuwa, rubutu na gudu a ƙasa. Kana kai mata suka ta uku allo zai yi baƙi, ka koma farko. Babu wanda ya taɓa cin ta a garin nan. Yaya ya yi shekara ashirin da biyu yana fama da ita, har satin da aka kwantar da shi yana cewa ya kusa gano lagonta.

Likita ya yarda a ƙarshe. Takarduna za su zauna, nasu a ajiye a gefe.

Laraba, 21 ga Mayu

Na wuni ina goge bakin kaset da auduga. Hamsin da bakwai sun tashi, uku sai da na hura su. An ce hurawa ba ta yin komai. Sun dai tashi.

Injiniya ba ta kira ba. Ni ce babba.

Asabar, 24 ga Mayu

An yi. Ɗakin ya cika da maza masu tumbi da furfura, kowa na kirana Anti Mega, wasu har da durƙusawa. Na gane kusan rabinsu ta yadda suke riƙe hannun gem.

Mai Bidiyo a fili ɗan ƙaramin mutum ne, muryar ce kawai babba. Ya gaishe ni da ladabi, "Sannu Mama," sannan ya kunna kyamara ya tambaya ko ina da abin da zan ce wa waɗanda aka yaudara. Na karɓi makirufo. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na tuna na ce wanda ya taɓa buga Mai Gyaran Laima ya ɗaga hannu. Babu wanda ya ɗaga. Na ce wanda ya gudu daga makaranta saboda Mashin Fansa fa? Ɗakin ya ɗauki ihu, har da wani alƙali. Na ce wa Mai Bidiyo, kai ka zo da waya mai fassara a aljihu, ni da biro da gam na zo, ina da shekara goma sha shida. Batun mega kuma, na ce na ƙara, ban musa ba, kuma wanda yake son cikon megarsa ya biyo ni shago in auna masa a leda. Direba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Daga nan aka jona Mashin Fansa a babban allo. Direba ya buga, shi ya fi kowa hannu. Minti arba'in ya kai bakin ƙofa. Mayya ta fito, ɗaki ya ɗauka, "Soke ta! Soke ta!" Ya soka sau uku, allo ya yi baƙi, aka yi tafi kamar ya ci.

A nan na hango Injiniya a can baya, jikin bango. Ban san ta zo ba. Ita kaɗai ce ba ta tafa ba. Tana kallon allon, hannunta a kan baki.

Ta jira har na fito da kwalina, ta karɓa ta sa a motarta, ba ta tambaye ni ba. Sai da muka rufe ƙofa ta yi magana.

"Gwaggo, ba mayya ba ce. Mahaifiyarsa ce."

Wai rubutun da ke gudu a ƙasa cewa yake yi: ka dawo, ajiye laimar, shigo ka goge jikinka. Fararen abubuwan tawul ne. Ba a faɗa da ita. Tsayawa ake yi kawai. In ka doke ta sau uku, gem ɗin ne yake korar ka.

Na ce me ya sa ba ki faɗa a ciki ba, ga kyamara? Ta ce, "A gabansu? Haba Gwaggo."



Lahadi, 25 ga Mayu

Ba laifina ba ne. Su suka zana tsohuwa da jajayen idanu. Wace uwa ce ke tarbar ɗanta da jifa?

Amma da laima na rubuta, wa zai ɗaga laima ya doki tsohuwa. Shekara ashirin da biyu, Yaya.

Alhamis, 29 ga Mayu

Bidiyo na uku ya fito, da ni a ciki. Bai yanke maganata ba, wannan kam na ba shi. Yanzu masu zagina da masu kare ni suna can suna cin junansu a ƙarƙashin bidiyon. Wani ya rubuta wai a ba ni lambar yabo, wani ya ce a rufe shagon. Su duka biyun ba su san hanyar shagon ba.

Mai Bidiyo bai san zancen tsohuwar ba. Shi suna da lamba kawai ya sani, bai taɓa wuce mataki na biyu ba. Ba kuma daga bakina zai ji ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Kafin in buɗe shago na jona Mashin Fansa, don in tabbatar kaset bai lalace a hanya ba. Na kai ƙofar. Na ce wa kaina tsaya. Tsohuwar na jefo tawul na farko yatsana ya danna da kansa. Sau biyu na koma, duk haka. Hannun gem ɗin ne, maɓallinsa ya yi laushi da yawa.

Asabar, 7 ga Yuni

Na kira Injiniya na ce talabijin ɗin shago yana ƙyafta ido, ta zo ta duba. Ta zo da jakar kayan aikinta, ta buɗe bayansa, ta auna nan ta auna can, ta ce lafiyarsa ƙalau. Na ce to a gwada shi da kaset mu gani.

Muka zauna a benci. Na buga Mashin Fansa, ita tana karanta min rubutun tun daga matakin farko. Ashe waɗanda muke kira 'yan fashi masu kawo gyara ne, suna bin sa da karyayyun laimominsu. Na ce ko ma su wane ne sun cika naci. Da muka kai ƙofa ta ce, "Gwaggo, ajiye hannun gem ɗin a cinya." Na ce na iya. Ta ce, "Ajiye." Ta ɗora hannunta a kan nawa ta danne.

Tawul na farko ya faɗo wa jarumin a kai. Na biyu. Ya jingina abin hannunsa a bango. Ƙofa ta buɗe, ya shiga, ga ɗan tebur da kwano biyu, suka zauna. Wani kiɗa ya taso wanda bai taɓa fitowa daga talabijin ɗin nan ba. Injiniya ta fara karanta abin da tsohuwar ke cewa, ta kai rabi ta tsaya. Ta ce, "Da Baba ya gani." Ni mura ke damuna tun shekaranjiya, kowa ya sani.

Da muka natsa na zaro wani kaset daga kwali na miƙa mata, don in gwada ko Japanancin nata na gaske ne. Wanda na sa wa Sarkin Bama-bamai. Ta karanta, ta kifa kai a gwiwa tana dariya. Wai manomin kankana ne. Na ce kankanar da ke fashewa ai sunanta bam.

Takarduna suna nan inda na liƙa su, babu mai taɓa su. Akwai ɗan fili a ƙasan jan layin, shi ma ba wani mai yawa ba, amma zai ɗauki suna ɗaya in an matse rubutu. Na ce ta bar min fensirinta, nawa ya ɓata.