Hannun Man Kwakwa

Asabar, 4 ga Maris
Yau ma a rumfar Haruo, ana tauna goron betel ana musun yakyu, ƙwallonmu na sanda. Haruo ya jefo tambayar da ba ta tsufa: wane mai jifa ne ya gama wasan kofi babu wanda ya buga masa ƙwallo mai kyau ko ɗaya, kuma aka ci ƙungiyarsa? Suka haɗa baki: "Kodep, shekarar saba'in da huɗu!" Wa ya jawo? "Sadang, Hannun Man Kwakwa!" Aka kwashe da dariya, aka juyo gare ni don ni na rubuta wasan. "Rubak, ƙarya muka yi?" Haka ake kiran dattijo a nan. Na ce haka yake a littafi. Sai wani ya ce ai Sadang yana asibiti, huhu ne.

Talata, 7 ga Maris
Bari in faɗa a nan, tunda takarda ba ta da baki. Idan ƙwallo ya kuɓuce wa mai tsaron fili, marubucin wasa ne kaɗai ke yanke hukunci: gwanintar mai bugu ce, ko kuskuren mai tsaro. Ran nan ƙwallon ya daki dutse ya yi tsalle ta saman kafaɗar Sadang, mai tsaron filinmu. Ko aljani ba ya kama shi. Da idona na gani. Amma Kodep ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma saura masu bugu biyu ya fitar ya kafa tarihi. In na rubuta gwanintar mai bugu, tarihin ya rushe. Na rubuta kuskure, na sa lambar Sadang. Da wannan ƙwallon aka ci mu ɗaya da nema. Kodep ya samu hoto a bango, Sadang ya samu suna. Bai sake saka safar hannu ta wasa ba.

Alhamis, 9 ga Maris
Na kai ƙofar asibiti na juyo. Tsoho da ni, matsoraci.

Lahadi, 12 ga Maris
Bayan coci Kodep ya zo da kifi da gwaza. Ya sake ba jikokina labarin wasan, har da tashi tsaye yana gwada jifa, gwiwa na ƙara. Ba shi da wani labarin a duniya, wannan ne gonarsa. Na ture kwanona gefe.

Litinin, 13 ga Maris
Na shiga wurin Sadang a asibiti. Ya rame ƙwarai. 'Yarsa Dilmei ta ba mu wuri. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Na zaci zagi. Murmushi ya yi.
"Kai dai ka tsufa. Ai na taɓa shi. Har yau ina jin sa yana sulɓewa a yatsuna."
Na ce wallahi ko kusa da hannunka bai zo ba.
"To me ke cikin littafin?"
Na ce kuskure.
"Ka gani? Kada ka yi mini ƙarya don ina mutuwa, abokina."
Ashe ba sunansa kaɗai na ɓata ba, har abin da idonsa ya gani na ƙwace. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Asabar, 18 ga Maris
Sadang ya rasu da safe.

Talata, 21 ga Maris
An binne shi. A wajen makoki wani ya fara kiran sunan nan, ya haɗiye rabi. Dilmei ta ji. Ta ce da ni, "Baba, har a makaranta da shi ake tsokanata." Ba ta san wa take gaya wa ba.

Laraba, 22 ga Maris
Na aika wa Kodep ya zo gobe, shi kaɗai. Na ce Haruo ma ya tara mutane ran Asabar. Ba wani abu ba ne, gyaran rubutu ne kawai, aikina ne.
Na ɗauko littafin daga akwati. Na zaci zai yi wuya. Fensir ne. Sau biyu na goga, ya fita.