Zaren Baba Dogo da Alkawarin Yayana

Anti,

"Ki gyara sito yadda kike so, ko mutum ɗaya ba zan kora ba." Haka Yayana ya faɗa wata bakwai da suka wuce, a gaban 'yan dako tara, hannunsa a ƙirji. Jiya ya aiko mini da sunaye uku a bayan ambulan, wai in sallame su ƙarshen wata. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya yi ɓarnar da zumunci ba zai iya ɗinkewa ba.

Sitonmu na kayan masarufi ne. Yaya ne mai shi, ni ce mai makulli, shekara goma sha ɗaya ke nan. A da mota ɗaya sai ta yi awa uku ana mata lodi, direbobi har da tabarma suke zuwa. Na karanta yadda manyan masana'antu ke farautar ɓata lokaci: zirga-zirgar banza, jira, neman kaya, tara abin da ba a bukata. Na ce to, ai mu ma ƙafa gare mu. Na zana taswirar siton a bayan kwali, na kafa ƙusa a gurbin kowace kanta, na ɗauko zaren ɗinki ina bin Baba Dogo, dattijon 'yan dakonmu. Duk kantar da ya je, in naɗa zare a ƙusarta. Kafin azahar zare ya ƙare, kwalin ya koma saƙar gizo-gizo. Ashe sabulu da man girki, da ake nema kowace sa'a, suna can ƙuryar baya. A bakin ƙofa kuwa katan ɗari ne na fitilun da Yaya ya sayo shekara huɗu da suka wuce, sun miƙe ƙafa kamar masu gida, ba mai tambayarsu.

Amma Anti, zare sawu kawai yake nunawa. Sauran ilimin yana cikin kan ma'aikata, su kuwa suka yi gum, don ba wawaye ba ne. Sun san duk wanda ya nuna cewa aikin awa uku zai yiwu a awa ɗaya, hanyar gida ya nuna wa kansa. Shi ya sa na jawo Yaya ya yi alkawarin nan. Washegari bakuna suka buɗe. Baba Dogo ya ce a sauko da kaya masu nauyi daidai ƙugu. Wani ya ce a ja wa baro layi da fenti, hanyar shiga daban, ta fita daban. Wani ya ƙirƙiro jan kati: in kaya sun kusa ƙarewa katin ya bayyana, sai a yi oda, ba a cika sito don tsoro ba. Kowace safiya muna minti biyar a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya ɓata masa lokaci jiya.

Yau mota minti arba'in take yi. Arba'in! Direba ko shayinsa bai shanye ba ake miƙa masa takarda. Kuskuren lodi ya kusa ɓacewa, ciwon baya ya ragu, kashi ɗaya cikin uku na siton ya zama fili fetal, har ƙwallo za a iya bugawa. Yaya yana kawo baƙi yana nuna musu layin fenti kamar shi ya riƙe burushi. Amma sunan farko a bayan ambulan ɗin nan na Baba Dogo ne.

Na ba Yaya zuwa ashirin ga wata ya yaga ambulan ɗin a gaban mutanen da ya yi wa alkawari. In bai yi ba, zan ajiye masa makulli a kan katan ɗin fitilunsa, in karɓi aikin da wani kamfani ya yi mini tayi sau biyu, bisa sharaɗin su ɗauki ukun nan tare da ni. Kamfanin kuwa ya amince. Shi kuma Yaya ya zauna ya tambayi fenti yadda ake lodi. Na yi daidai, ko fushi ne ke jana?

Mai Makulli

'Yar'uwa Mai Makulli,

Barka da aiki. Kin gyara sito da zare da ƙusa, kuma kin san darajar mutanen da suka buɗe miki baki. A kan alkawari gaskiya na gefenki: da amanarki aka karɓi ilimin mutanen nan, ba za a biya su da sallama ba.

Sai dai ki leƙa ta tagar Yayanki. Yana ganin mutum tara suna aikin mutum shida. Wannan ba mugunta ba ce, gajeren hange ne, kuma maganinsa na hannunki. Yaga ambulan a gaban ma'aikata kuwa, kin toshe masa ƙofar dawowa da mutuncinsa. Ki janye wannan sharaɗin.

Ki same shi a gida, ba a ofis ba, ki tafi da kwalin zaren nan da takarda shafi ɗaya. Filin da kika samar zai iya ɗaukar ajiyar kayan wasu 'yan kasuwa, ko ku fara kai kaya har shagunan kwastomomi. Ga aikin mutum uku nan. Ki nemi gwajin wata uku. Sannan ki faɗa masa a fili: ranar da ukun nan suka fita, shidan da suka rage za su kulle bakinsu, taron safiya ya mutu, direbobi su dawo da tabarma.

Ki kuma tambayi Baba Dogo da 'yan'uwansa ko suna son binki. Kada ke ma ki yanke musu hukunci a bayan idonsu.

Wa'adinki ya tsaya yadda yake. In ashirin ga wata ta zo bai sauya ba, ki miƙa makulli hannu da hannu, ki bar fenti da katuna yadda suke, ki tafi kanki a sama. Ranar ma ki je ki gaishe shi. Sito kika bari, ba Yaya ba.

Allah ya bar zumunci, ya sa Baba Dogo ya ci gaba da taka gajeriyar hanyar da shi ya nuna.

Anti